Talibambam a Gaban Mota

Shekarar dogon yajin aiki, lekol ɗin su 'yata Nusaiba, wato makarantar boko, ta yi wata biyar a rufe. Na ce to, ko an buɗe, yarinya ta gama karatu. Ta zauna ta taya uwarta suyar waina. Ni da ban wuce aji biyu ba, ga ni ina tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, daga Sokode zuwa Dapaong, me ya rage ni?

Malamarsu Salamatu ba ta ji ba. Tunda babu aji, sai ta riƙa kwasar yara zuwa bakin rafi. Ran nan Nusaiba ta shigo da gwangwanin madara cike da talibambam, wai 'ya'yan kwaɗi ne.

Na tafi wajen malamar. "Madam, abin da kike koya musu ke nan? Kwaɗo da ruwan sama yake faɗowa, kowa ya sani. Wannan ɗan kifi ne."

Ta ce, "Baban Nusaiba, ka taɓa ganin faɗowarsa?"

"Kakana ya gani."

"To mu bar kakanka ya huta. Ka riƙe gwangwanin. In sun yi ƙafa fa?"

Na ce, "In sun yi ƙafa, yarinya ta koma lekol."

Don kada a musanya mini, na ɗaure gwangwanin a gaban mota. Duk inda na je muna tare. Ina sake musu ruwan rafi, ina ba su gansakuka yadda Nusaiba ta nuna mini. A wani shinge soja ya leƙa, ya ce, "Direba, fasinja ne ko miya?" Na ce shaidu ne.

Sati na uku, muna sauke doya a tashar Dapaong, na buɗe gwangwanin. Biyu sun fito da ƙafar baya. Na goge ido, na kira Salifu mai awo ya duba. Ya ƙirga yatsun, ya yi dariya har ya zauna kan buhu. Shi ma a saninsa daga sama kwaɗo yake faɗowa.

Jiran lodi ya riƙe ni kwanaki, kafin in iso Sokode wutsiyar ɗaya ta fara guntulewa. Ban ko biya gida ba, na tsaya ƙofar Madam, na danna oda.

"Sun yi," na ce. "Ta koma. Amma wutsiyar ina take tafiya?"

Ta ce, "Ba zan faɗa ba. Jibi da hantsi muna rafi, ka zo da gwangwaninka."

Na je. Nusaiba ce ta ba ni wurin zama.