Galan a Saman Akori-kura

Da hantsi aka shigo wa Zakiyya da mijinta Isah a kan amalanke. Kububuwa ce ta sare shi a idon sawu yana cirar ciyawa a gonar gyaɗa, shanunsa na ɗaure a gefen gonar. Kafin a ce me, ƙafa ta yi suntum. Mai maganin gargajiya ya zo ya ɗaga leɓensa, ya ga jini na tsattsafowa daga dasashi, ya saki ya ce, "Wannan sai asibitin Dutse. Kada ku tsaya jiƙa komai."

Shekarar ana fama da wahalar mai, motocin garinsu Aujara duk an jingine su. Wadda ta rage ita ce akori-kurar Nata'ala, yayan Isah, tsohuwar mota da ta girmi Zakiyya. Ko ita sai da maza biyar suka tura ta har bakin masallaci kafin ta yi tari ta kama. Aka shimfiɗa Isah a baya kan tabarma, Zakiyya ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta.

Sun ci kusan rabin hanya sai motar ta fara fizga. Ta yi kamar za ta ɗauka, ta sake shaƙewa, ta gangara gefen titi ta yi shiru. Nata'ala ya murɗa makulli sau uku, injin na gurnani yana ƙin tashi. Babu gida, babu mota, sai dawa dama da hagu.

"Yaya, mai ne ya ƙare?"

"Akwai mai. Zuwa ne ba ya yi."

Ya buɗe bonet ya zare tiyon da ke shiga kafireta, ya ce ta zo ta murɗa makulli. Ta murɗa. Ko ɗigo bai fito ba. Ya sa baki ya busa ta wajen tanki har jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya tofar da wani jan ruwa mai tsatsa.

"Man 'yan bumburutu ne, ya tayar da dattin tanki. Famfon man ma ya daina ja."

Ta leƙa baya. Isah ya tofa yawu, jini ne zalla.

"Ba ni ɗankwalinki," in ji Nata'ala.

Ba ta tambayi dalili ba, ta gyara mayafi ta miƙa masa. Ya zura dogon tiyo cikin tanki ya zuƙa, ya ƙware, ya yi ta tari, mai ya biyo. Ya tace shi da ɗankwalin cikin wani galan, ƙyallen ya yi jawur. Sannan ya soka baki ɗaya na tiyon a kafireta, ya biyo da shi ta gefen gilashi zuwa rufin mota, ya tsoma ɗaya bakin cikin galan.

"Hau ki tsaya ki riƙe shi nan sama. In ya karkace mota ta mutu. In ya zube kan injin nan da zafinsa..." Bai ƙarasa ba.

"Yaya, ba zan iya ba."

"To wa zai iya, Zakiyya? Ni ne da sitiyari."

Ta hau. Ya murɗa, injin ya yi gurnani. Ya sake, ya kama da wata irin ƙara.

Tafiyar nan ba ta san tsawonta ba. Ta rungume galan da hannu ɗaya, ɗayan ya danne tiyo. Duk ramin da suka faɗa sai mai ya fantsamo mata a ƙirji, ta bi ɗigon da ido yana gangara kan gilashi zuwa bonet, tana jiran ganin wuta. Warin ya sa kanta juyawa. A ƙasa kuma Isah ya riƙe idon sawunta, riƙon nan kaɗai ke gaya mata yana da rai. Can ta ji yatsun sun saki. Ta ƙwala masa kira, iska ta kwashe muryar. Ba halin sunkuyawa. Ta yi ta maimaita Hasbunallahu, hawaye na bushewa a fuskarta tun kafin su sauko, galan kuwa sai ƙara sauƙi yake a hannunta.

Da duwatsun Dutse suka bayyana, abin da ya rage bai fi kofi biyu ba. Suka ratsa unguwar Yalwawa mutane na nuna ta da hannu. A ƙofar asibiti motar ta mutu don kanta.

Ma'aikata suka ɗauke Isah a sume. Wata nas ce ta hau ta ɓamɓare yatsun Zakiyya daga jikin galan ɗaya bayan ɗaya, don sun ƙi buɗuwa.

Bayan la'asar aka ce ta shigo. An yi masa allurar maganin dafi, ana ƙara masa jini, idonsa a buɗe. Ya dube ta ya motsa baki, sai da ta kai kunne ta ji.

"An mayar da shanun gida?"

Ta ce an mayar, alhali ba ta sani ba. Kwanansa goma sha ɗaya kafin a sallame shi, yana dogara sanda.