Ƙwallayen Dabino a Daɓen Bariki

Shekara goma sha ɗaya Si Lakhdar, masanin kayan tarihi, ya yi yana durƙuso a tsohon barikin Faransawa na garinsu, kudu da Biskara, yana kankare daɓen ƙasa da cokalin magina da buroshi. Har littafi ya rubuta. A ciki ya ce ƙwallayen dabinon da ke cikin daɓen sojoji ne suka ci suka tofar.

Sai ga Dakta Najiba, jami'a ta turo ta. Wata huɗu kacal, kuma rabinsu wajen shan shayi da tsofaffi ta ƙarar. Amma wai ita aka gayyata taron masana a Aljiyas, babban birnin ƙasar, ta yi jawabi a kan daɓen. Daɓensa fa!

Ita cewa ta yi matan gari aka tilasta wa aikin daɓen, kowacce ta jera ƙwallaye a rabonta, wannan uku, waccan biyar, don in wuri ya tsage sajan ya san wadda zai sa a kamo. Lakhdar ya faki ido ya je ya ƙirga. Uku-uku, biyar-biyar, bakin taga bakwai-bakwai. Kishi ya turnuƙe shi, ranar ko gaisuwarta bai amsa ba. Da ya tambaye ta inda ta samo zancen, ta ce mai shi ta roƙi a sakaya sunanta.

Shi ke nan, ya samu makama. Ya shirya takarda zuwa ga masu taron, cewa hirar shayi ce, babu shaida, kada a ba ta kujera.

Ranar Juma'a ya je cin kuskus wajen mahaifiyarsa, Lalla Zubida. Ya yi ta zuba, wai baƙuwa ta zo jiya-jiya za ta kwashe masa gumin shekaru da tatsuniyar wata tsohuwar da ta ruɗe.

Tsohuwa ta tura masa kabewa gabansa.

"Bakwai ɗin bakin taga nawa ne," in ji ta. "Sau biyu ya tsage, sau biyu aka zo aka tafi da ni."

Cokali ya tsaya masa a hannu.

"Inna, shekara goma sha ɗaya ba ki gaya mini ba?"

"Ita ta zauna ta tambaye ni. Kai kuwa, ɗana, ƙasa kake tambaya."

Takardar tana aljihunsa, har ya manna mata kan sarki.