Abin da Atikatu Take Niƙawa

Shekara ashirin ina sayar da magani a Bawku, shagona na kallon hanyar kasuwar shanu, kuma akwai maganar da na gaji da maimaitawa: rigar da ke jikin ƙwayar magani ba ado ba ce. Akwai mai rigar sukari, don a ɓoye ɗaci. Akwai mai siririyar riga mai santsi, don ta wuce maƙogwaro salin alin kuma danshin damina kada ya ɓata ta. Akwai kuma wadda aka yi wa riga ta musamman don kada ta narke a tumbi sai ta gangara hanji, saboda abin da ke cikinta yana ƙona ciki. Mutanen Zongo sukan ce, "To, Dokta Mikaila," su gyaɗa kai, su fita su yi abin da suka ga dama.

A bazarar 1991 Alhaji Sidiku ya shigo yana ɗingishi, da takardar asibiti a hannu. Falken shanu ne, ƙato, wanda idan bijimi ya tsinke igiya a kasuwa shi ake kira. Gwiwa ce ta dame shi, likita ya rubuta masa wasu ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, irin masu narkewa a hanji.

Na ce, "Alhaji, wannan haɗiyewa ake yi gaba ɗaya. Ba a fasawa, ba a taunawa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mikaila, ni za ka koya wa haɗiya?"

Na miƙa masa maganin ya tafi.

Ba a yi kwana goma ba labari ya zaga gari cewa Alhaji ya kwanta. Cikinsa na zafi kamar an zuba barkono, ba ya iya cin tuwo, ga amai. Da labarin ya kai Yendi, yayarsa Hajiya Damata ta hau mota ta zo. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, mai goro, amma ita ta goya shi, kuma har gobe idan ta ɗaga murya ƙasa yake kallo.

Rana ta biyu da zuwanta, da safe, ta zagaya bayan madafa ta tarar da matarsa Atikatu a durƙushe, tana niƙa wani abu a kan ƙaramin dutse tana waige-waige. Ta laɓe. Ta ga ta kwashe garin ta zuba a kokon Alhaji ta juya. Ihun da Hajiya ta yi, har masu sayar da albasa a bakin titi sai da suka ji.

Kafin azahar magana ta zama sammu. An tambayi Atikatu me take zuba wa mijinta a abinci, ta ce ba za ta faɗa ba. An tambayi Alhaji, ya juya fuska bango ya ce ciwo ya hana shi magana. Hajiya ta yanke hukunci: ranar Juma'a Atikatu za ta hau motar Salaga ta koma gidan ubanta, bayan aure na shekara ashirin da uku da 'ya'ya shida.

Ranar Alhamis Hajiya ta zo shagona da ƙullin takarda ta dangwarar a kan kantar shagon.

"Ɗana, duba mini wannan gubar. Ina so in san sunanta kafin dattawa su taru da la'asar."

Na buɗe. Farin gari ne, a cikinsa ga ɓarɓashin riga mai ruwan ɗorawa. Raina ya ɓaci nan take. Na rufe shago na bi ta gidan, na roƙi a bar ni in ga Atikatu. Na same ta zaune kan akwatinta, idanunta sun kumbura.

Na ce, "Maganin gwiwa ne kike niƙawa. Don me?"

Ta leƙa ƙofa, ta sassauta murya. "Dokta, tun da aka kawo ni gidan nan Alhaji bai taɓa haɗiye ƙwaya ba. Ba ta wucewa. Maganin zazzaɓi ma niƙawa nake in sa zuma. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, wai mutanen kasuwa za su yi masa dariya. Kai ka gano, ba ni na faɗa ba. Don Allah, kar ka tona shi."

Na yi mata bayanin rigar, da yadda dutsenta ya kware wa ƙwayar ita ya bar wutar a tumbi. Ta dafe ƙirji ta fashe da kuka. Ni kuwa tausayinta ya kama ni, amma haushin Alhaji ya fi yawa. Kwana uku ana kiran matarsa mai sammu, shi yana kallon bango.

Da la'asar zaure ya cika: limamin unguwa, ƙannen Alhaji biyu, abokan fataucinsa. Aka tallabo Alhaji aka zaunar kan buzu. Na ce garin nan ba guba ba ne, maganinsa ne, niƙa shi ne ya jawo ciwon, kuma lallai a daina ba shi a mayar da shi wurin likita.

Hajiya ta ce, "To, in ba mugunta ba, me zai sa mace ta niƙa abin da aka ce a haɗiye?"

Kowa ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi rufin zaure.

Na riga na yi wa Atikatu alkawari ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Sai dai na zaro wata 'yar jar ƙwaya mai rigar sukari daga aljihu, ta ƙarin kuzari, ba ta kai ƙwayar wake ba. Na ɗora masa a tafin hannu, na miƙa masa kofin ruwa.

"Alhaji, jikinka ya yi rauni. Sha wannan yanzu."

Ya jefa a baki kamar abin arziki. Ya shanye kofin. Ya ɗaga kai sama, ya girgiza wuya. Ya nemi ƙari. Kofi na biyu ya wuce, na uku ya bi shi. Idanunsa suka yi ja, gumi na zuba a gemu. Liman ya ce, "Alhamdulillahi, ta wuce?" Alhaji ya buɗe baki zai amsa, sai ga ƙwayar a kan harshensa, ta yi fari fat, ya tsotse sukarin kaf. Ɗaci ya kai masa, ya tofar da ita a gaban liman.

Wani abokin Alhaji ya cusa bakin rawani a baki, kafaɗunsa na rawa.

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Yaya, ni na sa ta. Ba na iyawa. Ban taɓa iyawa ba."

Hajiya Damata ta tafa hannu. "Sidiku! Har yanzu? Abin da nake toshe maka hanci a kai tun kana tsirara?"

Nan dariya ta ɓarke, har liman. Hajiya ba ta yi ba. Ta tashi ta je ƙofar cikin gida inda Atikatu ke tsaye, ta kama hannunta ta ce, "Ƙanwata, na zalunce ki. Ki yafe mini, ki kwance kayanki."

Atikatu ta ce, "Yaya, ke na yafe miki, abin da kika gani kika faɗa. Amma kaya na riga na ɗaure. Zan je in ga uwata." Ta dubi mijinta, karo na farko a ranar. "Alhaji, kwana uku ina jira ka buɗe baki. In ka koyi haɗiya, ka san hanyar Salaga."

Kuma ta hau motar Juma'a.

Da cikinsa ya lafa, kullum bayan asuba sai Alhaji ya ɗingiso shagona, ya shige bayan kanta inda masu wucewa ba za su gan shi ba, da butar ruwa. Muka fara da ƙwayar gero. Muka koma dawa. Wake ya ba mu wahala ƙwarai, sau biyu ina dukan bayansa. Rana ta goma sha ɗaya ya haɗiye gyaɗa guda cur, ya zauna yana shafa wuya, hawaye na bin gemunsa. Bai ko yi mini sallama ba, ya nufi tasha.