Baƙin Kaskon Cindo

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Cindo mai nama a Dakoro ya san tukwanen matarsa Saratu. Toka da yashi da soson ƙarfe take haɗa musu, ta kife su a jere jikin katanga suna ɗaukar ido. Matan unguwa in za su yi wa 'ya'yansu faɗan ƙazanta, da ita suke misali. Mutum ɗaya ne bai yaba ba cikin shekara shidan nan, shi ne maigidan, don yanar ido ta rufe masa gani, dishi-dishi yake gani. Abin yana yi wa Saratu ciwo. Ba ta taɓa faɗa ba, ba ta kuma fasa gogewa ba.

Abu guda ne ya gagare ta a gidan, kaskon gas na Cindo. Faffaɗan ƙarfe ne mai ƙafa huɗu da butel, wato tukunyar gas, a ƙarƙashi, a kansa yake soya nama da albasa da ƙwai a bakin tasha. Daga Maradi ya sayo shi lokacin da hayaƙin itace ya matsa wa idonsa. Baƙi ne wuluk. Kullum in ya tashi daga sana'a sai ya kankare shi tun da zafinsa, ya share da tsumma, ya shafa ɗan man gyaɗa, ya rufe. Sabulu kuwa ko kusa. Da tafin hannu yake duba shi, ba da ido ba.

"Ki taɓa komi nawa, banda wanga," haka yake ce mata.

To, sai ga shi ɗiyarsu Hamdiya ta kai shi Maradi aikin ido. Ranar Laraba da azahar ta kira: "Inna, an kwance mishi, shina gani! Gobe da marece muna tahe."

Saratu ta yi kukanta ta ƙoshi, ta share hawaye, idonta ya sauka kan kaskon a gindin bishiyar bedi. A ce mutum ya buɗe ido bayan shekara shida, ya fara cin karo da wannan baƙar dauɗa a tsakar gidanta? Ina! Ta ɗaura zane, ta ɗebo toka da yashi. Tun la'asar take gurza har aka kira magariba, ƙarfen ya fito fari fat in ban da gefe-gefe. Ta bi shi da omo, ta ɗauraye, ta bar shi ya sha iska. Ta kwanta da farin ciki irin na wanda ya gama shirin biki.

Da asuba aka yi yayyafi. Gari na wayewa ta fito ta tarar da kaskon ja jawur, tsatsa ta cinye shi kaf.

Garin neman gira ta rasa ido. Ba faɗa take tsoro ba, Cindo ba ya faɗa. Shiru yake yi, shirun da kan kai mako, ya ci tuwo ya ce an gode kamar baƙo. Wannan shirun take gudun ya shigo mata gida a ranar da ya fara gani.

Ta leƙa katanga ta kira Haula mai masa, tsohuwar da ta fi shekara arba'in gaban tanda, bakinta kuma ya fi tandar zafi. Haula ta shigo, ta dubi kaskon, ta riƙe haɓa.

"Saratu, mi bawan Allah nan ya yi miki? Baƙin da kika kankare ba dauɗa ba ne, mai ne ya shiga ƙarhe ya zauna, shi ke hana abu kamawa. Ke kin taɓa ganin na wanke tandata da omo?"

"Iya, ki ruha min asiri. Mu ja shi ɗakin girki kada a gani."

"Gas cikin ɗaki? Hito da kunyarki waje ta sha iska, ta hi gobara sauƙi."

Kafin a kunna komai Haula ta sa aka kaɗa kumfar sabulu, ta shafa a bakin butel da jikin tiyo, ta buɗe gas kaɗan. Wuri ɗaya kumfar ta dinga tasowa tana fashewa. Tiyon ya tsage ta ƙasa, inda hannun Cindo ba ya bi. Haula ta rufe butel ɗin da sauri, suka dubi juna. Saratu ta yafa mayafi ta nufi kasuwa, ta dawo da sabon tiyo.

Daga nan aiki ya kankama. Suka goge tsatsar, suka kunna wuta har ƙarfen ya bushe ƙarau. Saratu, da yake hannunta a sake yake, ta kwarara man gyaɗa kamar mai zuba wa baƙi.

"Ke, ba miya muke ba! Cokali guda. Ki shahwa, ki kuma share kamar kin yi kuskuren zubawa."

Ta shafa, ta share. Man ya yi hayaƙi, suka jira har hayaƙin ya ɗauke, suka sake. Sau uku ƙarfen bai wuce kalar shayi ba, Saratu ta fara hawaye. Haula ta ce mata sannu ba ta hana zuwa, ta ci gaba. A na biyar tsumma ya kuɓuce, gefen hannun Saratu ya taɓa ƙarfe, fata ta tashi. A na bakwai kaskon ya yi duhu. Suka yanka albasa suka soya a kai har ta ƙone, suka kwashe, suka bi da ɗan mai.

"Baƙi dai ya yi," in ji Haula tana ɗaukar sandarta. "Amma ba na shekara biyar ba ne. Kada ki yi mishi ƙarya."

Da la'asar sakaliya Cindo ya yi sallama, baƙin tabarau a fuskarsa, Hamdiya na biye da jaka. Bai nemi a kama masa hannu ba. Bayan an yi barka an sha ruwa, ƙafarsa ta kai shi gindin bedi, kamar yadda Saratu ta san za ta kai shi. Ya ɗaga murfin, ya shimfiɗa tafin hannu, ya zagaya sau ɗaya. Ya tsaya.

"Malam, ni ce," Saratu ta faɗa tun bai tambaya ba. "Na so ka gan shi shina ƙyalli. Na kankare, ya yi tsatsa, Iya Haula ta taimake ni."

Ya duƙa ya dubi sabon tiyon, Saratu ta miƙo masa tsohon, ya juya shi, ya ga tsagar da idonsa. Ya daɗe yana kallon tsagar. Sannan ya ajiye, ya kamo hannun Saratu, a gaban ɗiyarsu, abin da bai taɓa yi ba. Farcen duk baƙin mai, ga ƙunar ta kumbura.

"Baƙi zai komo, Saratu. Nama da albasa su ke yin shi, ba ni ba."

Ya zare tabarau ɗin, yana ƙifta ido saboda haske, ya waiwaya wajen katanga.

"Zo ki gwada min tukwanen nan. Shekara shida matan unguwa na ba ni labarinsu, ni ina cewa haka ne."