Ƙafafun Janar Jan Gemu

Clive Harbottle mutum ne da in ka zagi Kamfani a gabansa kamar ka zagi uwarsa. Tun yana saurayi mai gashi a ka yake sayen 'yan sojojin wasan da Kamfanin yake ƙerawa, waɗannan da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya kai su gida ya haɗa da gam, ya zauna da buroshi mai siririn baki yana yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar kuma ya jera su a kan babban teburin kantin Kamfani da ke garin Doncaster, a auna tafiyarsu da tef ɗin awo, a jefa ƙwayar lido, a ga rundunar wa za ta kwashi kashinta a hannu. Ya yi tuƙin bas har ya yi ritaya, gashin ya zube, amma Asabar ɗin tana nan yadda take.

Farashi ne bai tsaya yadda yake ba. Kowace shekara sai Kamfani ya fito da sanarwa mai zaƙin baki, ya kira masu saye "iyalinmu," sannan ya lafta musu ƙari. Kuɗin da a da yake sayen akwati guda na sojoji, yanzu da ƙyar ya sayi mai riƙe tuta shi kaɗai. Littafin dokokin wasan ma, kafin ka gama saba da shi an soke shi an fito da sabo. Mutane suka yi ta guna-guni suna zarewa. Clive kuwa sai ya ɗaga kafaɗa ya ce su ma ai ma'aikata suke biya. Ya daina ɗumama ɗakinsa da rana don kuɗin fansho su kai shi ƙarshen wata, kuma ko sau ɗaya bai haɗa wannan da wancan a ransa ba.

Har Roy Tansley, abokin karawarsa na shekara da shekaru, ya gaji. Ya haɗa kuɗi da wasu suka sayi injin da ke ƙera irin sojojin nan a gida, suka koma wasa a ɗakin saman mashayar da ke kallon kantin. Clive ya kira su ɓarayi a gaban jama'a. Tun daga ranar gaisuwarsu ta koma gyaɗa kai.

Duk rundunar Clive babu abin da yake ji da shi kamar janar ɗinsa, Jan Gemu. Na dalma ne, ƙirar da, tun kafin Kamfani ya koma roba. Clive ya yi masa fenti ne lokacin da hannunsa bai san rawa ba. Gemun nan gashi-gashi ya ja shi, ga alkyabba mai zanen zinariya a baki, ga idanu biyu da ba su kai ƙwayar gero ba, amma kowanne da farinsa da baƙinsa har da ɗan ɗigon haske. Yanzu kuwa ko kofin shayi ya ɗauka sai ya yi ƙara a kan faranti. Ya sani sarai ba zai sake yin irin idanun nan ba har ya mutu.

Ranar gasar shekara ya iso da akwatinsa cikin yayyafi, ya tarar da layi a bakin ƙofa. Wai sabuwar doka: saboda jabu sun yi yawa, sai an duba rundunar kowa kafin ta hau tebur. Mai dubawar shi ne Kieran, sabon manajan kantin, wanda bara war haka wayoyin hannu yake sayarwa. Murmushinsa kamar da gam aka manna masa.

"Mista Harbottle! Gwarzonmu!" in ji Kieran. Haka ya ce wa na gabansa ma.

Ya buɗe akwatin ya bi sojojin roba da ido, ya gyaɗa kai. Da ya ɗaga Jan Gemu sai ya ji nauyi, ya tsaya. Ya juya shi, ya duba wayarsa, ya sake juya shi.

"Wannan fa? Ban gan shi a hotunanmu ba."

"Naku ne," in ji Clive yana dariya. "A kantin nan na saye shi, kana cikin zanin goyo."

"Ai ba musu nake ba, Mista Harbottle, haba. Ni wa? Amma doka ce, sai na ga tambarin Kamfani."

"Tambarin yana ƙarƙashin ƙafafunsa, cikin ɗan faifan da yake tsaye a kai. Na rufe shi da gam da yashi tun tuni."

"To, ko za a ɗan cire shi mu gani?"

Layi ya yi tsawo a baya, ruwa yana ɗiga a wuyan mutane. Wani ya ja tsaki. Wani kuma can baya ya ce, ba ma da ƙarfi ba, "Jabu ne kawai, a ba mu hanya."

Kalmar nan ce ta gama da shi. Shi Clive Harbottle, a ce masa mai jabu, a ƙofar kantin da ya zubar da ƙuruciyarsa! Abin takaicin shi ne babu wanda ya tilasta masa. Yana iya rufe akwatinsa ya juya. Yana iya cewa a bar janar ɗin, ya yi wasa ba shi. Amma ina, shi dai sai ya wanke kansa a gaban mai sayar da waya. Ya karɓi Jan Gemu, ya riƙe faifan da hagu, ya damƙe jikin da dama, hannun yana rawa, ya murɗa.

Tsohon gam ɗin bai saki ba. Dalmar ce ta saki. Ƙafafun biyu suka karye daga idon sawu, takalman suka tsaya a kan faifan kamar mai su ya shiga wanka. Kuma da Clive ya buɗe hannunsa na dama, sai ya ga babban yatsansa a kan fuskar ya danna. Tsohon fentin ya ɓare. Rabin gemun ya tafi, ido ɗaya yana manne a fatar yatsansa, ƙasansa dalma ce toka-toka.

Kieran ya sa 'yar wuƙa ya ƙwaƙule abin da ya rage a faifan, ya ɗaga shi wajen fitila.

"Kai! Na asali ne fa! Jama'a ku zo ku ga tarihi!" Ya ɗauki hoto da wayarsa. "Wannan sai shafin kanti na intanet. Irinku ne ƙashin bayanmu, Mista Harbottle, na rantse."

Ya ɗan latsa wayar, murmushin bai motsa ba.

"Ash! Ashe ma an cire shi daga sabon littafi. Da ba zai hau tebur ba ko da lafiyarsa. Amma kada ka damu, sabonsa na roba yana can a kanta, ya fi wannan girma. In kuma gyara za ka yi don ajiya, gam yana kusa da wurin biya. Ya ɗan ƙara kuɗi satin nan, ka san yanayi. Na baya!"

A nan ne ya kamata mutum ya kifar da tebur. Ko ya yi ashar ɗaya mai kyau wadda za a riƙa ba da labarinta. Amma ƙafafunsa sun san hanyar kantin fiye da yadda zuciyarsa ta san fushi. Suka kai shi wurin gam, hannunsa ya ɗauka, ya bi layin biya kamar tunkiya. Matar da ke wurin ta karɓi kuɗinsa, ta buga masa hatimi a katin amintattun masu saye, ta miƙa masa leda mai tambarin Kamfani. Bakinsa ya motsa ya faɗi abin da ya saba faɗa.

Sai da iskar waje ta buge shi sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya dubi yatsansa, ɗan idon yana nan yana kallonsa. Bai iya goge shi ba, bai kuma san inda zai ajiye shi ba.

Roy yana tsaye a bakin mashaya, ya fake daga ruwa, yana cin soyayyen dankali a takarda. Ya ga Clive ya fito gasa ba ta ko fara ba, sai ya tsallako titi.

"Kai tsoho, har an cinye ka? Ko an kore ka ne?"

Clive ya buɗe tafin hannunsa, ga Jan Gemu ba ƙafafu, ba rabin fuska. Roy ya daina tauna. Ya daɗe yana kallo, don shi ma ya san idanun nan, sun sha karkashe masa runduna.

"Wane la'ananne ne ya yi wannan?"

"Ni."

"Kai? Da hannunka?"

"Sun ce sai sun ga tambari."

"Suka gani?"

"Suka gani. Sannan suka ce an cire shi daga littafi."

Roy ya yi wurgi da sauran dankalin cikin kwandon shara. Fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Tir! Tir da su! To ina fatan ka wanke su tas. Ina fatan ka ba su na shekara da shekaru, har da nawa. Gaya mini, Clive, me ka ce musu?"

Idonsa ya sauka kan ledar da ke hannun Clive, da kwalbar gam a ciki, da rasit.

"Na ce na gode," in ji Clive.