Maigida a Gida Ranar Kitso

Tunda kuɗin mota ya tashi, Labaran bai ƙara jin daɗin albashinsa ba. Masinja ne a wani kamfanin buga takardu a cikin Kano, gidansa kuma yana Wudil. Kullum ya tsallaka gada da safe, ya dawo da magariba, abin da aka ba shi ƙarshen wata a hannun direbobi yake ƙarewa. Da ma'aikata suka dami mai kamfanin da ƙorafi, ya ce ba shi da abin ƙara wa kowa, amma zai rage ranaku. Kowa ya zo sau uku a mako, sauran ya zauna a gidansa ya huta da biyan mota.

Labaran ya dawo ran nan da murnarsa, har da tsarabar burodi. Matarsa Barakatu ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Kitso take yi, kuma ta iya. Har daga Utai mata ke zuwa su zauna a gindin darbejiyar tsakar gidanta, su tuɓe ɗankwali su miƙe ƙafa. Mace kuwa ba ta buɗe kanta a gidan da namiji yake. Asabar da Lahadi kowa ya san Labaran yana nan, ba mai leƙowa. Sauran ranakun gidan na mata ne, shi dai ƙanshin man kitso yake tararwa idan ya dawo.

To sai ga shi ranakun hutun ba tsayayyu ba ne. Wannan makon Talata da Alhamis, na gaba Litinin da Laraba, yadda manaja ya ga dama.

Ranar farko ya yi wanka ya sa kayan aiki kafin ya tuna ba inda za shi. Ya zauna, ya tashi. Ya kunna rediyo, ya kashe. Ya kwance ƙofar madafa da ba abin da ya same ta, ya mayar da ita a karkace. Ya tambayi dalilin da ya sa ake ɗaure akuya a nan ba can ba. Da ya fita lungu, sa'anninsa duk sun watse, wasu gona, wasu kasuwa. Tsofaffin da ke zama a bakin masallaci suka gaishe shi gaisuwa mai tsawo, sannan ɗaya ya rage murya ya tambaye shi ko korar sa aka yi. Ya dawo gida yana huci, ya shige ɗaki.

Yana ciki Khairiyya, matar mai shagon bakin titi, ta yi sallama ta shigo kamar yadda ta saba. Barakatu ta leƙa ɗaki ta ga ya rufe ido, ta ɗauka barci yake. An tsefe rabin kan ke nan sai ga Labaran ya fito da buta a hannu. Khairiyya ta rarumi tabarmar da take kai ta rufe kanta, ta fice da takalmi ɗaya.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Mata suka daina zuwa, har a ranakun da ba ya nan, don ba mai sanin yaushe ne yana nan. Suka koma wajen Sharifa, wata sabuwar makitsiya a bayan makaranta. Barakatu ta riƙa shimfiɗa tabarma da safe, ta ajiye mataji da kibiyar kitso, ta naɗe da yamma ba wanda ya zauna. Labaran yana gani, ya yi kamar bai gani ba.

Ana haka bikin Sakina ya matso, 'yar maƙwabciyarsu Hajiya Yelwa. Tun yarinyar tana rarrafe Barakatu ke mata kitso. Hajiya ta aiko cewa ran Alhamis za a yi wa amarya da ƙawayenta, amma in Malam yana gida, a yi haƙuri, za su wuce wajen Sharifa. Alhamis ɗin kuwa hutunsa ce.

Barakatu ta same shi yana kankare tsatsar keken da ya daina hawa tun tuni.

"Malam, ran Alhamis ka fita."

"In fita in je ina? Gidan nan da gumina na gina shi. Zan zauna a ɗaki."

"Ɗakin ai ka gwada. Tarin nan naka har bakin titi ake jin sa."

Ya ce shi ba a taɓa korar sa daga aiki ba, ba kuma za a kore shi daga gidansa saboda gashin wasu ba. Ta ce to, in Sakina ta tafi gidan miji da kitson wata, ita ta ajiye kibiya ke nan har abada. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki matajin ta jefa cikin kwando, ta shiga madafa, ƙofar da ya karkata tana ƙugi a bayanta.

Ran Alhamis ya tashi da safe. Ya sa kayan aiki, ya saƙala jaka a kafaɗa, ya fito yana gyaran murya. Duk wanda ya gamu da shi a lungu sai ya tsaya ya gaishe shi da ƙarfi. A ƙofar gidan Hajiya Yelwa ya ja birki, ya ɗaga murya ya gaya wa mijinta cewa ya fita ke nan, sai magariba. Mijin ya ce ai shi ba kurma ba ne.

Ƙafarsa ta kai shi tasha da kanta. Maikano direba ya hango shi ya buɗe masa gaban mota, yana cewa dama mutum ɗaya ya rage. Har ya ɗora ƙafa, ya tuna, ya sauke. Ya ce mantuwa ya yi.

Ya gangara bakin kogi, ya zauna yana kallon masu lodin yashi. Ya gaji ya hau gada, ya tsallaka, ya dawo. Ya yi azahar a wani masallaci inda ba a san shi ba. Ya ci soyayyen kifi a tsaye. Rana kuma ta ƙi tafiya.

Da la'asar ya ce wa kansa zai bi ta lungu ne kawai, ba shiga zai yi ba. Tun daga nesa ya ji gidansa ya cika da dariya. Ya ji muryar Hajiya Yelwa, ya ji ta Khairiyya tana ba da labarin tabarma, mata suna shewa. A cikin hayaniyar ya tsinci muryar Barakatu tana cewa amarya ta daina motsi ko ta ja mata kunne.

Tari ya taso masa. Ya danne bakinsa da hula, ya juya da sauri, bai sake shi ba sai da ya kai bakin titi.