Wanda Ya Ci Shi Ke Zuwa Gaisuwa

"Kashe shi, Raki. Kashe min talabijin ɗin nan."

Na tsaya da kofin kunu a hannu ina kallonsa. 'Yan wasan St. Louis ne ke ta tsalle suna rungumar juna, ƙungiyar da Baba Maharazu ke bi tun kafin a haife ni, ga jar hularsu ma a kansa. Amma ya haɗe rai kamar wanda aka yi wa sata.

"Baba, ba ku kuka ci ba?"

"Mu muka ci. Ita ce matsalar."

Baba Maharazu maƙwabcina ne a unguwar Cheetham Hill, ƙofarsa na kallon tamu. Injiniya ne mai ritaya, mutumin Jos. Matarsa ta rasu, 'yarsa Zinatu tana aiki a Glasgow, ciwon huhu kuma ya kwantar da shi. A shekarar, wato 2013, gwamnati komai yanke masa kuɗi take yi. Mai zuwa kula da shi takan shigo ta fita kafin shayi ya huce, sauran hidimar ta dawo kaina. Ban da kunu da magani, har da baseball, wasan Amurkawa da har gobe ban gane kansa ba: wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata kulki ya ruga, saura su tsaya suna tofar da yawu. Muna barci ake bugawa, mijina ya naɗa masa, ya kalla bayan azahar.

Na ajiye kunun na ce sai ya yi min bayani.

Ashe yana da aboki, Dung, tun suna sakandare a Jos. Tare aka tura su karatu Amurka, shi St. Louis, Dung Boston. A 1967 ƙungiyoyin garuruwan biyu suka haɗu a wasan ƙarshe na cin kofi, St. Louis ta ɗauka. Baba ya hau doguwar mota har Boston, ya ƙwanƙwasa ƙofar Dung, ya durƙusa ya marairaice fuska ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" Dung ya bi shi da takalmi. Daga nan ta zama doka: duk ran da suka sake karawa, wanda ya ci shi zai je gidan wanda aka ci ya yi masa ta'aziyya.

"Suka sake haɗuwa a 2004," in ji Baba. "Boston ta yi mana kaca-kaca. Na share flat ɗin nan, matata Turai ta dafa gwate saboda shi. Yana nan Birmingham fa, train ɗaya. Bai zo ba."

Dalilin ba boyayye ba ne. A rikicin Jos na 2001 an ƙona gidan su Baba, an kashe ƙanen Dung. Suka yi waya kowa da wuta a cikinsa, aka faɗi maganganun da ba sa maimaituwa. Shi ke nan.

"To yanzu ga su sun sake haɗuwa. In muka ɗauki kofin, ni zan je Birmingham." Ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura a ƙarƙashin bargo. "Da wace ƙafar?"

"Ba ni lambarsa in kira shi, in ce ba ka da lafiya."

"Kul! Ba a gayyatar mutum ta'aziyya. In don tausayi zai zo, ya riƙe abinsa."

Raina ya ɓaci, na kuma faɗa masa. Tsofaffi biyu da furfura fari fat suna gaba kamar 'yan firamare. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, amma lambar bai bayar ba.

Haka na zauna kwanaki ina kallon mutum sanye da hular St. Louis yana yi wa Boston addu'a. In ɗan Boston ya maka ƙwallo sai ya ɗago daga matashi, "Ruga, ɗan albarka, ruga!" Ni ma da ban san hawa ba ban san sauka ba, na shiga taya shi. Ranar Alhamis da Boston ta ɗauki kofin muryarsa ta riga ta dushe. Ya yafito ni da hannu.

"A share falo. A sayo masa lemo, ba ya shan shayi." Ya numfasa. "In ya zo ya ce 'ya haƙuri?' alhali ina barci, ki amsa masa."

Washegari da hantsi ya cika, hannunsa cikin na Zinatu, wadda ta iso daga Glasgow cikin dare. Na yi kuka sosai, har da na haushi.

Ranar Lahadi da la'asar ana zaman makoki, takalma sun cika ƙofa har kan matakala. Na fito da faranti ke nan na ga wani dogon tsoho yana hawowa a hankali, da sanda, da baƙar hular Boston mai jan harafi, da ƙullin goro a leda. Yana ta ƙoƙarin danne murmushi.

"Nan ne gidan Maharazu? Ta'aziyya na zo."

Kafin in buɗe baki wani cikin matasan masallaci ya ce, "Bismillah, Baba, shigo." Ya shiga, ya ga maza jere a kan darduma, kowa kai a sunkuye. Sai ya fashe da dariya.

"Kai, Maharazu! Har da tara jama'a? Fito, munafuki, ai game ɗin ya ƙare!"

Babu wanda ya motsa. Ya dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi gadon da aka jingine da bango, babu katifa. Dariyar ta tsaya masa a fuska ta rasa inda za ta.

Na ja shi zuwa kicin na ba shi kujera. Na faɗa masa komai, har da gwaten da ya huce a 2004, har da addu'ar da aka yi wa Boston.

"Tun Alhamis nake sa takalmi ina cirewa," ya ce. "Matata Margaret tana ta cewa, just go, Dung. Na ce in bai buɗe min ƙofa ba fa?"

Ya daɗe yana murza ledar goron. Can ya ɗago, ba ni yake kallo ba.

"Ya muka ji da haƙuri?"

"Ya ce in ce maka, da godiya."

Ya gyaɗa kai. Na buɗe firij na zuba masa lemon da aka saya dominsa. Bai sha ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa, inda jar hular Baba ke rataye a ƙusa, ya cire tasa ya rataya a kanta. Na leƙa ta taga na gan shi a tashar bas, ana yayyafi, kansa ba hula.